Hausar gida ce ke hana yaran Kebbi kama Turanci, ko matsalar tana wani wurin?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wasu makarantun kuɗi a Birnin Kebbi suna ba iyaye shawarar su daina yi wa yara Hausa a gida, wai ita ce ke hana su kama Turanci. Wasu har tara suke cin yaron da aka ji yana Hausa a harabar makaranta. Ga kuma yaran makarantun gwamnati da ke gama aji shida ba sa iya karanta shafi guda. Shin harshen gida ne matsalar? In shi ne, me uba zai yi? Malamai a yi mana bayani dalla-dalla, ban da zage-zage don Allah.

Mai_Alli_Jega:
Wa alaikumus salam. Abban Sadiq, kafin a ɗora wa Hausa laifi a leƙa aji huɗu. Tsarin ilimi na ƙasa tun bugun farko na 1977 ya ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. Bugun 2004 ya fayyace: aji 1 zuwa 3 da harshen yanki, Turanci ya zama darasi ɗaya cikin darussa, daga aji 4 a juya zuwa Turanci. Tsarin yana zaton abu biyu sun samu kafin a juya, wato yaro ya iya karatu da harshen da yake ji, kuma ya tara kalmomin Turanci a baka da za su ishe shi bin darasi. A yawancin azuzuwanmu ko ɗaya bai samu ba.

Abin da ake yi shi ne malam ya cika allo da Turanci, ya yi bayani da Hausa, yara su maimaita bayansa da ƙarfi, su kwafe. Yaro ya shekara uku yana zana haruffan da bai san sautinsu ba. Ya shiga aji 4, littafin lissafi da na kimiyya duk Turanci, sai ya koma hadda. Mai haddar shi ake kira mai ƙoƙari. Sai an miƙa masa labarin da bai taɓa gani ba a ƙaramar sakandare asiri ke tonuwa. Wannan yaron bai iya karatu da kowane harshe ba, har Hausar da ake zargi.

DanZuru:
Gyara kaɗan, Malam. Tambayar kanta ta ɗauka cewa duk ɗan Kebbi Hausa yake tashi da ita a gida. Ba haka ba ne. A ƙasar Zuru akwai C'lela, wanda Hausawa ke kira Dakarci, akwai ut-Ma'in na Fakai, akwai Dukanci, akwai Cicipu a Sakaba. A ƙasar Yawuri da Ngaski akwai Kambarci, shi ma ba iri ɗaya ba, da Gunganci. A Dandi da Bagudo akwai Dandanci da Zabarmanci da Busanci ta wajen Illo. Fulatanci kuwa yana ko'ina cikin ƙananan hukumomi 21. Yaron ƙauyen Fakai zai iya shiga aji 1 da Hausar kasuwa kawai, ta gaisuwa da ƙirgen kuɗi. Malam ya yi masa bayani da Hausar da bai ƙoshi da ita ba, kan rubutun Turancin da bai taɓa ji ba. Harshe biyu baƙi a rana ɗaya.

Malama_Kulu_Argungu:
Gaskiya ne, DanZuru. Kuma a takarda kalmar "harshen yanki" ta ba da damar a koyar da C'lela a Zuru, amma a aikace Hausa ake nufi, don ita ce ke da jerin littattafan aji 1 zuwa 3 a kasuwa, ita ce ake karanta a kwalejojin ilimi. Ga matsalar turin malamai: a tura Bakabe ƙauyen Kambari, ba ya jin ko sannu da harshensu. Abin da ke aiki a irin wannan aji shi ne a ware zangon farko gaba ɗaya don magana kawai, ba rubutu da yawa ba: sunayen abubuwan cikin aji, sassan jiki, umarni kamar tashi, zauna, kawo, da waƙoƙi. A zaunar da yaron da ke jin harshen gida da Hausa kusa da waɗanda ba sa jin Hausa, ya riƙa juya musu. In an tsallake wannan, su ne yaran da ke yin shiru a bayan aji har su daina zuwa.

Bakabe:
Ko ɗiyan Hausawan ma ba Hausar littahi suka yi gida ba. Yaro nan Argungu ko Augie "tahi" shika cewa, littahi ya rubuta "tafi". Shi "sunka" da "anka" ya sani, an rubuta mai "suka" da "aka". Malamin da bai lura ba sai ya ce yaro ya yi kure alhali karatun daidai ya yi, bakinai ne ya juya shi. A bar shi ya karanta da karin harshenai, a nuna mai yadda aka rubutawa daga baya.

Sarkin_Shakka:
Duk wannan bayanin masana ne. Mu abin da ido ke gani: yaran da ake yi wa Turanci a gida kuma aka kai su makarantar da ba a Hausa, su ne ke cin jarrabawa. JAMB tambaya 60 cikin 180 na Turanci ne, sauran 120 ɗin ma da Turanci aka rubuta su. Babu kiredit a Turanci, babu jami'a, ko ta Kalgo ko ta Aliero. Ita gwamnatin ma ai ta dawo daga rakiyarku. A 2022 aka amince a koyar da harshen uwa har aji shida, a watan Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar an soke, an koma Turanci daga tushe.

Dr_Harshe:
Sarkin Shakka, abin da idonka ya gani gaskiya ne, amma dalilin da ka ba shi ne ake taƙaddama a kai. Yaron makarantar kuɗi yana ajin da malam ya san sunan kowa, yana da littafinsa na kansa, malaminsa na zuwa kullum don in bai zo ba a yanke masa albashi, iyayensa sun yi boko, akwai mai duba masa aikin gida. Ka cire hana Hausa daga cikin waɗannan, ka bar sauran, sakamakon ba zai rushe ba. Ka ɗauki hana Hausa kaɗai ka kai ajin ƙauye mai yara 90 da littafi uku, ba abin da zai ƙaru sai shiru.

An gwada wannan a ƙasar nan. A Ile-Ife daga 1970, ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, an koyar da wasu yara duk darussa da Yarbanci shekara shida, Turanci kuma darasi guda. Ba su gaza takwarorinsu da aka juya wa Turanci da wuri ba, har a Turancin kansa. Sai dai a faɗi sharaɗin da masu kawo wannan misali ke mantawa: an rubuta musu littattafai na musamman, an horar da malamai, an ba darasin Turanci kulawa ta daban. Tsarin 2022 kuwa bai samu irin wannan tanadin a azuzuwa ba kafin a soke shi.

Ga lissafi kuma. Darasin Turanci na minti 35, sau biyar a mako, mako 39 a shekara, bai kai awa 115 ba. Cire ranakun kasuwa, da lokacin girbin shinkafa, da makarantun da aka rufe saboda rashin tsaro. Da abin da ya rage ake son yaro ya karanta kimiyya da Turanci a aji 4.

Sarkin_Shakka:
To ai ka kawo mini hujja, Dokta. In awoyin makaranta ba su isa ba, sai a ƙara da na gida.

Dr_Harshe:
A ƙara, in mai ƙarawar yana da abin ƙarawa. Uban da Turancinsa ya zauna, ya yi wa ɗansa, uwa ta ci gaba da Hausa, yaro zai ɗauki biyun ba tare da sun ci karo ba. Matsalar tana gidan da Turancin iyayen bai wuce na umarni ba: zo, tafi, ci abinci, yi shiru. In suka bar Hausa, sun bar labari da tambaya da bayanin dalilin abu, sun koma jimla mai kalma uku. Yaro ya tashi da kalmomi kaɗan a harsuna biyu, ga kura-kuran da malami zai sha wahalar cirewa.

Uwar_Biyu:
Malamai, mu da ba mu yi nisa a boko ba fa? Ta yaya uwa za ta gane ɗanta yana karatu ne ko hadda yake yi?

Malama_Kulu_Argungu:
Hajiya, gwajin minti ɗaya ne, kuma ba ya buƙatar ki iya Turanci a matakin farko. Samo gajeren labarin Hausa mai kalma kamar 60, wanda ba ya cikin littafin makarantarsa. Wannan sharaɗin shi ne ginshiƙi, don in daga littafinsa ne zai rera miki shi ko da littafin a kife. Sa agogon waya minti ɗaya. Ya karanta da ƙarfi yana nuna kalma da yatsa. Duk kalmar da ya kasa, ki ɗan jira kamar daƙiƙa uku, ki ce ya wuce, ki yi mata alama. Minti ya cika, ki ƙirga waɗanda ya karanta daidai. Sai ki rufe takardar ki yi masa tambaya huɗu ko biyar: wa aka yi magana a kai, ina ya je, me ya sa.

Abin da za ki gani iri uku ne. In bai iya layin farko ba, matsalar sautin haruffa ce, a koma ba, be, bi, bo, bu, a haɗa gaɓa da gaɓa, minti 15 kullum. In yana karantawa gaɓa-gaɓa da kyar har ya manta farkon jimla kafin ya kai ƙarshenta, yawan karatu yake buƙata, labari ɗaya sau uku. In ya karanta sumul ya amsa tambayoyi, to ya iya karatu, saura kalmomin Turanci. Daga nan sai ki sa yayansa ko maƙwabci ya maimaita gwajin da labarin Turanci. Yaron da ke karanta Turanci da sauri amma ya kasa faɗa miki da Hausa abin da labarin ya ƙunsa, furtawa kawai yake yi.

Irin wannan awon ne shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa suka yi amfani da shi, kamar Mu Karanta a Sakkwato da Bauchi, da RANA a Katsina da Zamfara.

Mai_Alli_Jega:
In ƙara kan maganar Malama. Wurin da ake ɓata yara shi ne koyar da sunayen haruffan Turanci da sautin haruffan Hausa a zango ɗaya. Harafin da Hausa ke kira "a", a waƙar haruffan Turanci sunansa "ei". Wanda Hausa ke kira "e", can sunansa "i". Wanda Hausa ke kira "i", can "ai" ne. Harafin c da muke rubuta "ci" da "ciki" da shi, a Turanci k ne ko s. Yaro ɗan shekara shida ya ji wannan da safe, ya ji wancan bayan tara, sai ya rasa na kamawa. Hausa wasali biyar take rubutawa, kuma kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa. Turanci haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka kimanin 44, wasulansa kaɗai sun kai 20. Shi ya sa ya fi sauƙi yaro ya gane dabarar haɗa harafi da sauti a Hausa, sannan ya ƙetare da ita.

Baffa_Pullo:
Kuma kuren da yaro ke yi a Turanci yana nuna harshen gidansu, malami ya kamata ya san wannan. Ɗan Bahaushe ba shi da p da v a bakinsa, sai ya haɗa p da f, v da b. A yammacin nan ma f ɗin h take komawa. Ɗan Fulani yana da p tun daga gida, doki ma puccu ne, don haka atisayen p ɓata masa lokaci ne. Nasa ciwon he da she ne, domin Fulatanci kalma ɗaya yake amfani da ita ga mace da namiji. Haka Zabarmanci. Bahaushe ba ya rikita waɗannan biyun tunda yana da ya da ta, amma yakan kira mota she, kuma yakan ninka mai aiki, ya ce Musa he went, don "Musa ya tafi" ke cikin kansa. Aji ɗaya, magani daban-daban.

Bakabe:
Baffa, ka manta da cusa wasali. Hausa ba ta son baƙi biyu a farkon kalma, shi ya sa muka samu direba da burodi. Yaro na rubuta yadda shika faɗi.

Dan_Kamba:
Ku kuna ta Turanci. A Kamba da Dolekaina yaro yana tashi da Dandanci ko Zabarmanci a gida, Hausa a kasuwa, ƙirgen sefa da ɗan Faransanci saboda Gaya ta Nijar na nan kusa. Uba zai tambaye ka wanne ne zai ciyar da yaron. Wanda zai yi fatauci tsakanin Kamba da Gaya da Malanbil ta Jamhuriyar Benin, Turanci shi ne na huɗu a layinsa. Ba ƙin boko ba ne, lissafin rayuwa ne. Yaron da ya riƙe harshe uku kafin ya shekara goma ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, wurin jin Turancin ne babu.

Almajirin_Gwandu:
Allah ya gafarta malamai, a yi hattara da cewa "bai iya karatu ba". Akwai dubban mutane a ƙasar Gwandu da ke karanta Larabci da ajami, al'adar da ta daɗe tun zamanin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Yaron da ya yi babbaƙu da farfaru a makarantar allo ya riga ya san cewa alama tana ɗauke da sauti, kuma wasali yana canza baƙi. Malamin boko mai dabara zai gina a kan haka. Abin da zai kula da shi kawai shi ne hannun rubutu, daga dama zuwa hagu ya saba, shi ya sa wasu ke juya b da d ko su fara daga ƙarshen littafi.

Abban_Sadiq:
Na gode ƙwarai. Akwai wanda ke da alƙaluman mutum nawa ke jin Turanci a jihar, ko gida nawa ke yin wane harshe?

Dr_Harshe:
Ka yi hattara da duk wanda ya ba ka kaso cikin ɗari a kan wannan. Ƙidayar 2006, wadda ta ba Kebbi mutum sama da miliyan 3.2, ba ta tambayi ƙabila ba, ƙidayar da aka shirya yi a 2023 kuwa an ɗage ta. Sannan tambayar "kana jin Turanci?" amsarta ba ta da ma'auni: mai gaisuwa zai ce e, mai digiri mai kunya zai ce kaɗan-kaɗan. In makarantarku ko kwamitin iyaye na son sani, ku yi da kanku lokacin rajista. Tambaya uku: wane harshe uwa ke yi wa yaro, wane yake yi da abokan wasa, wa ya iya karatu a gidan kuma da wane rubutu. Kada a tambayi ƙabila a madadin harshe, don ba koyaushe suke tafiya tare ba.

Bayawuri:
Wannan magana ta ƙarshe haka take. Mutum zai ce maka shi Bagunge ne amma 'ya'yansa Hausa zalla suke yi. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 aka tashi ƙauyukan tsibirai, Gungawa suka cakuɗa da masu Hausa, harshen yake ja da baya. Kyangawa mafi yawansu sun bar harshensu, Shanganci ya rage a 'yan ƙauyuka. Wato abin da ake tsoron Turanci zai yi wa Hausa, Hausa ta riga ta yi wa waɗannan. In za a ce kada a hana yaro harshen gida, a haɗa da su.

Mai_Jan_Biro:
Bari in kawo ku ƙarshen hanya, wato WAEC, don a san inda maki ke zuba. A jarrabawar Turanci, takarda ta biyu maki 100 ce: insha'i 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Insha'in kalma 450 ake so. Cikin 50 ɗin, 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu. Wannan goman na ƙarshe, kowane kuren nahawu ko na rubuta kalma ko na alamar rubutu rabin maki ne. Kure 20 ya cinye shi, kuma ɗalibai da yawa suna gama shi a shafin farko. A taƙaitawa kuma kwafo jimlar marubuci yadda take ba ya kawo maki, sai ka faɗa da kalmominka cikin cikakkiyar jimla. Nan ne ɗan hadda ke faɗuwa. Nan ne kuma yaran da ke zuba Turanci a baka suke ba iyaye mamaki, don Turancin hira da na fim ba shi ne na insha'i ba. Wanda ya saba karanta dogon rubutu ya fito da ma'ana, shi ke cin wannan sashen.

Sarkin_Shakka:
Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini me malamin gwamnati zai yi ranar Litinin, tunda umarni yanzu Turanci ne daga aji 1, kuma shi kansa wani lokacin Turancin nasa sai a hankali.

Mai_Alli_Jega:
Abin da zai iya yi ba tare da ya saɓa umarni ba: ya riƙe darasin Hausa da ke kan jadawali ya mai da shi darasin koyon karatu na gaske, kada a ba da shi ga share fili. A darasin Turanci na aji 1 da 2 ya fi ba baki ƙarfi, kalma biyar zuwa takwas a mako, da abin a hannu ko hotonsa, a sa su cikin jimla, a dawo da na makon jiya kafin a ƙara. A lissafi da kimiyya ya gabatar da ma'ana da harshen da yara ke ji, ya ba da kalmar Turancin, ya rubuta ta a gefen allo ta kwana a can, sannan ya yi tambaya da Turanci mai sauƙi. Kada ya fassara kowace jimla, in ya saba musu da haka za su toshe kunne su jira Hausar. Batun Turancin malamin kuwa, hedimasta ya duba cikin malamansa wanda ya fi iyawa ya ba shi Turancin ƙananan azuzuwa. Yawanci akasin haka ake yi, a kai gwanin aji 6 saboda jarrabawar fita.

Uwar_Biyu:
To batun tarar fa, Malam? A biya ko a yi magana?

Malama_Kulu_Argungu:
A yi magana a taron iyaye da malamai, Hajiya. Tara ba ta sa yaro Turanci, shiru take sa shi, ya daina tambayar abin da bai gane ba. Ku nemi a musanya ta da lokaci ƙayyadadde, kamar minti 20 na hira da Turanci kullum wanda malami ke jagoranta, da littafin labari da yaro zai tafi da shi gida duk Juma'a ya dawo da shi Litinin. Ku kuma tambayi makarantar littattafan labari nawa take da su ban da na manhaja, a nuna muku su.